Tsarabar Italiya

Shekarar da Italiya ta tsiyace, ba na jin akwai gidan da abin ya taɓa a duk Umdurman kamar namu, ko da yake ba mu taɓa ranta wa Italiya ko girshi ɗaya ba. Yayana ne a can, shekara tara cur.

Mu dukawa ne tun kaka da kakanni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa da niyyar aikin hajji, ya iso bakin Nilu, ya ce bari ya ɗan huta, har yau hutun nan muke yi. Baba ya gaji rumfarsa a kasuwar Umdurman, yana ɗinka markub, takalmin nan na fata da dattawan Sudan ba sa zuwa masallaci sai da shi, in an matsa masa kuma ya yi sau-ciki irin na 'yan boko. Yaya ya koyi sana'ar a gindinsa, ya ga ba ta fitar da mutum, ya tsallaka. A can ma bai tsere wa fata ba. Wani tsohon Ba'italiye mai ƙaramar masana'antar takalma ya ɗauke shi aiki, a wani gari da Inna ta gwada faɗin sunansa sau uku ta haƙura.

Tun ranar da Yaya ya tafi, Kawu ya naɗa kansa jakadan Italiya a unguwarmu. Kawu wan Inna ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ba shi da aiki sai kallon labarai da zaman rumfar Baba. Yana yaro keken jaki ya taka masa ƙafar hagu, ƙashin ya warke da wani ƙulu a gefen ƙaramin yatsa, don haka babu takalmin kanti da ya taɓa shigarsa. Baba ne yake masa takalmi tun kafin a haife ni. Wannan bai hana shi zama a rumfar, ƙafarsa cikin aikin Baba, shayin Baba a hannunsa, yana kiransa Usta, wato gwanin sana'a, yana cewa, “Usta, kana ƙoƙari wallahi, amma aikin Italiya daban ne.” Baba sai ya ce masa haka ne, ya ci gaba da ɗinki. Ni kuwa in na ji, sai na ji kamar in kifa masa butar shayin a ka.

Da rikicin kuɗin Yuro ya taso, Kawu ya samu abin yi. Kullum da sabon bayani. Ya ce Turawa sun haɗa gidajensu ne suna girki a tukunya ɗaya, ludayin kuma yana hannun Jamus. Italiya ta daɗe tana cin nama a kan za ta kawo cefane gobe, yau an ce ta kawo. Ranar da gwamnatinsu ta sauka, ya zo rumfa da sassafe yana haki, ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ba a fito da tankar yaƙi ko ɗaya ba, ba a sa kiɗan soja a rediyo ba, mutum kawai ya tattara takardunsa ya tafi gida. Aka kawo malaman jami'a aka ba su ƙasar ba tare da zaɓe ba. Wannan kam mun gane shi, mu ma ba a cika damunmu da zaɓe ba. Malaman suka ce a tsuke bakin aljihu, a ƙara haraji, tsofaffi su ƙara shekarun aiki kafin su ga fansho. Kawu ya dafe ƙirji, don shi duk duniya babu abin da yake tsoro kamar a taɓa fansho.

Abin dariyar, a shekarar ce Sudan ta Kudu ta ɓalle ta tafi da man fetur, fam ɗinmu yana zubewa kullum, sukari yana neman fin ƙarfin mutane. Amma ka zo rumfar Baba ka tarar da mutum shida, babu wanda ya karya da abin kirki, suna tausaya wa Italiya. Tela maƙwabcin Baba har cewa ya yi da za su aiko a koya musu, da an koya musu, don a harkar tsiya mu ne malaman jami'a.

Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kalakla. Wata rana da yamma ina cikin bas, mun maƙale a kan gada, Yaya ya kira. Da ma ni yake gaya wa gaskiya, su Inna kuma ya ce musu lafiya lau sai sanyi. Ya ce masana'antar ta rufe wata biyar ke nan. Tsohon ya tara su, ya yi kuka kamar yaro, ya miƙa wa banki makullai. Ya ce ɗan tsohon, mai digiri har biyu, yana neman shekara arba'in, har yanzu yana kwana a ɗakinsa na yarinta, uwarsa na goge masa kaya. Ya ce shi yanzu layin abinci yake bi a ƙofar coci, kuma a layin akwai 'yan ƙasa da kwat da laktaye, suna sunkuyar da kai kada maƙwabta su gan su. Takardar zamansa kuma da aiki take tafiya, in babu aiki ita ma ta kusa mutuwa.

Na ce, “To ka dawo mana.”

Ya ce, “Da me? Shekara tara, in shigo unguwa hannu rabbana?”

Na ce, “Ka shigo da ƙafafunka, ya zol, bawan Allah! Wa ya aike ka?” Duk bas ɗin suka waiwayo.

Amma na san abin da yake nufi. A wurinmu mugtarib, wato wanda ya je ci-rani waje, ba a tambayarsa abin da ya sha a can. Saman motar da ta kawo shi ake kallo. Mata suna leƙe ta ƙofa su ga shanta, wato akwati, nawa aka sauke, kafin ya gama gaida uwarsa labari ya kai bakin kasuwa. Liman yana da rabo, kawunnai suna da rabo, tsohuwar da ta taɓa goya ka sau ɗaya ma tana da rabo. Akwai ɗan wani gida a layinmu da ya dawo daga ƙasashen Larabawa da jaka ɗaya a kafaɗa, yau ya yi jikoki amma har yanzu da shi ake yi wa yara kwatance. Yaya ya gwammace ya daskare a layin coci da a yi kwatance da gidan Baba.

Abin da bai sani ba, don mu ma muna ce masa lafiya lau sai zafi, shi ne idon Baba yana tafiya. Ciwon sukari ne ya ci shi. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kada mu sa rai ya kai baɗi. Baba bai taɓa cewa yana kewar ɗansa ba, ba irinsu ba ne. Sai dai ya ɗauko hoton Yaya daga bango ya kai shi dab da hancinsa, in ya ji motsi ya ce ƙura yake sharewa. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga mutum biyu masu taurin kai za su ɓata lokaci har ɗaya ya daina gani.

Yaya ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Na riƙe amanar kwana biyu, wanda a wurina babban ƙoƙari ne. Na gaya wa Inna, ita kuma ta gaya wa Baba kafin shayinsa ya huce.

Baba ya ce, “Malama, mutum nawa ne a unguwar nan ke jiran tsaraba?”

Na ce ai duk mai rai.

Ya ce, “Maza manya fa?”

Muka lissafa masa su. Ya gyaɗa kai, ya ce gobe in biya wurin majema in ce a aiko masa da fatar maraƙi mai laushi, baƙa da ja, kada in yarda da ta saman tari.

Washegari ya rufe rumfa, ya ce wa 'yan kasuwa idonsa ne ke so ya huta. Ya kwashe kayan aikinsa zuwa ɗakin baya, inda muke ajiye gawayi da tsofaffin gadaje. Daga hantsi zuwa la'asar yana ciki, ƙofa a rufe, taga a buɗe don haske. Ni nake zura masa zare in na dawo, don ya daina ganin kafar basilla. Sauran aikin duk da yatsu yake yi. Sau-ciki yake ɗinkawa, masu tsinin baki irin na hotunan da Yaya ya taɓa aikowa, da jakunkunan hannu na mata. Inna kuwa ta ɗauki nauyin turare da gyale. Ta je kasuwa can nesa inda ba a san ta ba, ta dawo ta zauna da reza tana kankare duk wani rubutun Larabci. Awarwaronta na zinariya ya ɓace daga hannunta a makon, kuɗin jirgi dai ya samu.

Saura hatimi. A kasuwarmu rabin dukawa suna da ɗan ƙarfen nan da ake bugawa a ƙasan takalmi, mai rubutun boko da ke cewa an yi shi a Italiya. Takalmin da aka ɗinka a bayan masallaci, a buga masa, ya zama ɗan Turai. Shekara arba'in Baba yana zagin masu yin haka. Yakan ce wanda yake jin kunyar hannunsa ya je ya sayar da gawayi. Ba zai yiwu mu ara a kasuwa ba, kafin azahar kowa ya sani. Sai na hau mota na tsallaka kogi zuwa Bahri, wurin masu aikin ƙarfe. Na yi ta kame-kame ina rage murya kamar mai neman kayan maye. Mutumin ya ja aljihun tebur, ga su nan birjik, ya ce, “Wace ƙasa kike so, Malama? Akwai Faransa, akwai Sifen. Italiya ta yi araha kwanan nan.”

Na kawo wa Baba. Ya juya shi a hannu, ya shafa rubutun da babban yatsa, ya miƙo mini da guduma. Ya ce, “Ni na ɗinka. Ƙaryar ke za ki buga.” Haka na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya juya baya yana kallon bango. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, kuma ban taɓa ƙoƙarin danne dariya kamar ranar ba.

Da na gaya wa Yaya shirin, ya ce Allah ya kiyaye, shi ba zai yi wannan abin kunya ba. Nan na fasa masa ɗaya ƙwan. Na ce, “Baba ba ya ganin zare. In kana so ya ga fuskarka, ka taho yanzu. In kuma muryarka kawai kake so ya ji, halas, shi ke nan, zauna, wayar ma ta isa.” Ya kashe wayar. Bayan kwana uku ya aiko da ranar da zai sauka.

Na sayi manyan akwatuna huɗu na hannu, na ja su a tsakar gida har suka ƙara kojewa, don akwatin da ya keto Turai bai kamata ya yi ƙyalli ba. Aka cika su da tsarabar, aka fitar da su ta ƙofar baya zuwa gidan wata abokiyar aikina a Kalakla. Jirgin da safe zai sauka, muka ce wa unguwa sai bayan la'asar, kuma ya ce kada kowa ya wahalar da kansa zuwa filin jirgi.

Ni kaɗai na tare shi, da direban da bai san kowa a Umdurman ba. Na kusa wuce shi. Ya rame, kai ya fara fari, ga wata 'yar jaka a kafaɗa, daidai irin ta mutumin da ake kwatance da shi. Na yi niyyar in yi masa tsiya, sai kuka ya riga ni. Muka je bakin kogi muka zauna ƙarƙashin bishiya wurin mai shayi, muka ci wake da burodi, ina koya masa darasi kamar ɗan aji uku: baƙin nan na liman, jan nan na tela, wannan na Kawu, a babban kantin birni ka saya, kada ka faɗi farashi. Da la'asar ta yi muka biya Kalakla, muka ɗaure akwatunan a saman mota, inda makaho ma zai gan su, muka shiga unguwa direba yana ta danna ham.

Guɗa ta tashi tun daga bakin layi. An yanka rago. Baba yana zaune a kan gado a tsakar gida, bai tashi ba. Yaya ya durƙusa a gabansa. Baba ya kama kansa da hannu biyu, ya jawo fuskar dab da idonsa na dama, kamar yadda yake yi wa hoton, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Ka yi furfura.” Yaya ya ce, “Na'am, Baba.” Iyakar abin da suka ce ke nan, ni kuwa na shige kicin na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Washegari da hantsi aka buɗe akwatuna a zaure. Dattawan unguwa sun cika shi. Ina tsaye bakin ƙofa da farantin shayi. Yaya yana miƙawa yana sunkuyar da kai, mutane suna ɗauka ladabi ne. Kowa ya karɓa sai ya juya ƙasan ya duba hatimi, ya gyaɗa kai. Kawu ya karɓi nasa ya kai hanci, ya lumshe ido.

Ya ce, “Kun ji? Saniyar da ta ci ciyawar Turai ke nan. Ƙasa tana cikin bashi har wuya, amma dubi ɗinki! Usta, karɓi ka shafa, ko a tsufa mutum yana ƙaruwa.”

Baba ya karɓa, ya shafa, ya ce, “Ba laifi.”

Kawu ya zura ƙafar dama. Ya ɗago ta hagu, mai ƙulun, yana cewa wannan kam sai dai a kai wa Usta ya buɗa ta. Ya zura. Ƙafar ta shige sumul, kamar an zuba ruwa a tulu. A gefen ƙaramin yatsa akwai ɗan ɗaki da aka bar wa ƙulun, daidai wurinsa, daidai girmansa.

Sai a lokacin na gane abin da muka yi. Mun kankare rubutu, mun koje akwati, mun yi ƙaryar lokacin jirgi, amma babu wanda ya tuna ya ce wa Baba ya yi takalman kamar na kanti. Shi kuma hannunsa bai san wani aiki ba sai wanda ya saba. Ƙafafun mutanen nan duk a kansa suke. Liman, da ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu, yana tsaye yana taka nasa, kowace ta samu daidai ita. Mai gidan burodi, mai faffaɗan tafi kamar faranti, nasa ya zauna ɗas. Kawu yana kallon ƙafarsa, ya ɗago ya kalli Baba, ya kalli Yaya da 'yar jakarsa a gefe. Na ce a raina shi ke nan, bakin da bai taɓa riƙe magana ba yau ya samu ta shekara.

Tela ne ya fara. Ya ce, “To ni abin da ya ba ni mamaki, yaya aka yi Italiyawa suka san...”

Kawu ya daka masa tsawa. “Suka san me? Ni na aika wa yaron nan awon kowa! Kai kana ɗinka riga ba awo? Ai abin da ya karya su ke nan. Ƙasar da za ta zauna ta yi wa gurgun Umdurman takalmi daidai ƙulunsa, ba dole ta ci bashi ba? Jamus za ta yi maka haka?”

Liman ya yi gyaran murya ya ce lallai Jamus ba za ta yi ba. Aka fashe da dariya, dariyar ta fi ƙarfin maganar. Kowa a zauren ya shekara talatin yana taka ɗinkin Baba, babu wanda ƙafarsa ba ta gaya masa gaskiya ba. Suka yi wa Yaya addu'a ɗaya bayan ɗaya, suka yaba wa Italiya, suka roƙa mata sauƙi. Ranar na zuba wa Kawu sukari cokali uku ban yi masa gori ba.

Da aka watse, saura mu 'yan gida da Kawu, Yaya ya jawo 'yar jakarsa. Ya fito da wani abu a naɗe cikin rigar sanyi. Takalmi ne ruwan ƙasa, ba hatimi, ba komai. Ya ce ranar da za a rufe masana'antar tsohon ya ce kowa ya ɗauki abin da yake so, shi ya ɗauki ragowar fata, ya zauna a kan keken ɗinkin da za a sayar washegari ya ɗinka wa Baba. Ba shi da awo, da ka ya yi.

Baba ya bi ɗinkin da yatsa tun daga baki har diddige, a hankali, yana neman kuskure. Na san yana nema, don haka yake yi wa kowa. Bai samu ba. Ya sa ƙafa. Ta ƙi shiga. Ƙafar da Yaya ya sani ta shekara tara da suka wuce ce, kafin sukari ya kumbura ta. Yaya ya ce, “Ma'alesh, yi haƙuri Baba, kawo in sa shi a itace ya buɗe, kwana biyu ne.” Baba ya ture hannunsa, ya cije, ya tura diddigen da ƙarfi har ya shige. Ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo, fuskarsa ba ta nuna komai ba sai gumi.

Idon Baba na dama ya rufe kafin azumi. Yaya ya buɗe rumfar, yana zaune a wurin Baba, Kawu yana zaune a wurinsa na da yana gaya masa yadda ake aiki a Italiya. Ƙasar kuma na ji an ce ta ci gaba da canza gwamnati, ban ƙara bibiya ba, mun karɓo Yayanmu.

Duk unguwar takalmi ɗaya ne tak ya zo daga Italiya, shi kaɗai ne kuma yake matse mai shi. Kowace Juma'a Baba sai ya sa shi. Kawu ya riƙe masa hannu, su tafi masallaci su biyu suna ɗingishi, ɗaya hagu ɗaya dama. In ya dawo ni nake cire masa, in jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, yatsun sun yi jawur. Wata Juma'a haushi ya kama ni, na ce wallahi yau sai na kai wa Yaya ya buɗa shi, gidan dukawa guda a ce uba yana fama da takalmi. Na ɗauka zan fita. Ya lalubo ya riƙe gefen zanena.

Ya ce, “Ajiye, Malama. Haka ya tuna ƙafata.”

Na mayar da shi ƙarƙashin gado, na ƙara ruwan zafi a kwanon.